Littattafan da ke hannuna yanzu, da yadda nake auna abin da suke faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina karanta ƙagaggun labarai, bana kuma na koma wa littattafan da ba ƙagaggu ba, irin na tarihi da kimiyya da rayuwar fitattun mutane. Damuwata ita ce duk wanda na ɗauka sai in ji na yarda da shi gaba ɗaya, har sai na karanta wani ya rushe shi. Me kake karantawa a yanzu, yaya ka same su, kuma ta yaya kake gane wanda za ka amince wa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Ɗan'uwa, wannan damuwa taka ta faranta mini rai, domin mai karatun da bai taɓa jin ta ba shi ne abin tsoro. Na shafe shekaru ina koyar da tarihin kimiyya, kuma har gobe nakan kama kaina ina gyaɗa wa marubuci kai saboda daɗin bakinsa kawai, kafin in tambaye shi hujja.

Littattafai huɗu ne a kusa da ni a 'yan makonnin nan. Ɗaya a kan annobar kwalara ta Landan, ɗaya a kan mutumin da ya samar da takin zamani daga iska, ɗaya a kan penisilin wanda na gama kwanan nan, sai na huɗu wanda ba ya barin teburina, wato Muƙaddima ta Ibn Khaldun. Ukun farko zan ba ka su ta abin da ke cikinsu, domin kowane ɗaya daga cikin batutuwan nan an yi masa littattafai da dama, kuma abin da zan faɗa zai yi maka aiki a kan duk wanda ya zo hannunka.

Na kwalara ne ya fi ɗauke mini hankali, don haka a kansa zan fi daɗewa.

A ranar 31 ga Agusta, 1854, amai da gudawa ya ɓarke a unguwar Soho da ke Landan. Cikin kwana uku mutum 127 sun rasu, kafin kwana goma an haura 500, a ƙarshe aka ƙirga 616. Ƙaramar unguwa ce da za ka ratsa da ƙafa cikin 'yan mintoci. A wancan zamani manyan likitoci da hukuma sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska da ɗoyi ne ke kawo cutar. Kuma suna da abin kamawa, domin inda ɗoyi ya fi yawa nan talakawa suka fi cunkushewa, nan kuma aka fi mutuwa. Wani likita mai suna John Snow, wanda aka fi saninsa da aikin sa majinyata barci yayin tiyata, har shi ya shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom a wata haihuwa da ta yi a 1853, tun a 1849 ya rubuta cewa ta baki cutar ke shiga, ta hanyar ruwan da najasa ta gurɓata. Ba a kula shi ba.

Ga yadda aka saba ba da labarin: wai Snow ya zana taswira, ya ɗiɗɗiga gidajen da aka yi mutuwa, sai ya ga ɗigon sun kewaye wata rijiya mai famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad, ya sa aka cire hannun famfon, annoba ta tsaya cak. Labari ne mai daɗi, ni ma a haka na fara jin sa ina ɗalibi, kuma a haka na daɗe ina riƙe da shi. Kowane ɓangare nasa yana da ƙanshin gaskiya, amma jerin da aka yi masa ba haka ya faru ba. Snow ya riga ya zargi ruwa shekaru biyar kafin nan, don haka rijiyar ya nufa tun farko. Ya gana da hukumar unguwar a ranar 7 ga Satumba, aka cire hannun famfon a ranar 8. A lokacin cutar ta riga ta fara lafawa, mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Shi kansa Snow ya rubuta cewa masu kamuwa sun riga sun ragu sosai kafin a hana shan ruwan, har ba zai iya yanke hukunci ko rijiyar na ɗauke da cutar a ranar ba. Taswirar kuma sai a watan Disamba ya nuna ta, ta fito a bugu na biyu na littafinsa a 1855. Ta zo ne don ta gamsar da wasu, bayan shi ya riga ya gamsu.

Abin da ya sa na ƙaunaci littafin da ke hannuna shi ne bai ji tsoron faɗin wannan ba, kuma da ya faɗa sai Snow ya ƙara girma a idona. Mutumin da dama ta zo masa ya ce shi ya tsayar da annoba, amma ya rubuta cewa ba zai iya tabbatarwa ba, ya cancanci a yarda da sauran maganarsa. Hujjojinsa na gaskiya ma sun fi na tatsuniyar ƙarfi. Akwai gidan gajiyayyu a tsakiyar unguwar mai mutum 535, biyar kacal suka rasu a ciki, ashe suna da rijiyarsu daban. Akwai masana'antar giya a kan titin na Broad mai ma'aikata fiye da 70, ba wanda ya mutu a cikinsu, su ma ba sa shan ruwan famfon. Sai kuma wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana zaune can Hampstead, nesa da Soho, a unguwar da babu annoba, amma ta kamu ta rasu a ranar 2 ga Satumba. Da aka bincika sai aka tarar ta taɓa zama kusa da titin Broad, tana son ɗanɗanon ruwan rijiyar, kullum a kan kai mata shi a babbar kwalba. Wata 'yar'uwarta da ta ziyarce ta ta sha, ta koma gida Islington, ita ma ta rasu. Ka ga mutanen da suka shaƙi iskar unguwar ba su sha ruwan ba sun tsira, waɗanda suka sha ruwan ba su shaƙi iskar ba sun tafi.

Akwai wani mutum da tatsuniyar ke mantawa da shi, shi ne Henry Whitehead, matashin limamin coci a unguwar. Bai yarda da Snow ba, ya tashi ne musamman don ya ƙaryata shi. Da ɗan gari akan ci gari: ya san gidajen, ya san wanda ya gudu da inda ya koma, mutane na buɗe masa ƙofa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ya sha ruwan, wa bai sha ba, har alƙalumansa suka juya suka goyi bayan wanda ya zo rushewa. Shi ne ya gano wata jaririya a gida mai lamba 40 a titin, wadda ta fara gudawa dab da ɓarkewar annobar. Uwarta tana wanke tsummokaranta ta zuba ruwan a ramin salga da ke gaban gidan. Da aka tona a 1855 sai aka ga ramin yana yoyo, kuma tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba. Na ajiye littafin a wannan shafi na daɗe ina tunanin matar nan, wadda ba ta yi komai ba sai abin da kowace uwa ke yi wa 'yarta marar lafiya.

Hujjar da Snow ya fi ji da ita ma a wani wuri take, a kudancin Landan. Kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwan famfo a tituna iri ɗaya, wani lokaci gida da maƙwabcinsa kowa da kamfaninsa. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa can saman Kogin Tems a 1852, sama da inda najasar birni ke kwarara. Na Southwark da Vauxhall ya ci gaba da ɗiba a cikin birni. Snow ya bi gida-gida yana tambayar ruwan wa ake sha. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, a cikin kowane gida 10,000 da ke shan ruwan Southwark da Vauxhall an yi mutuwa 315, a na Lambeth kuwa 37. Duk da haka kwamitin gwamnati ya ƙi yarda da shi. Ya rasu a 1858 yana da shekara 45, ba a ba shi gaskiya ba. A shekarar 1854 ɗin nan kuma wani masani a Italiya, Filippo Pacini, ya ga ƙwayar cutar a madubin ƙara girman abu ya bayyana ta, shi ma aka share shi, sai da Robert Koch ya sake gano ta a 1883 da 1884.

To, me wannan ya shafi tambayarka? Duk littafin da ba ƙagagge ba yana ɗauke da abubuwa uku a haɗe: abin da ya faru, shaidar da ta rage a kansa, da kuma ƙullin labarin da marubuci ya yi don ka iya karantawa ba ka gaji ba. Na ukun nan ba laifi ba ne, dole ne ma. Amma shi ne yake sa ka yarda, alhali na biyun ne ya kamata ya sa ka. Duk inda labari ya tafi sumul, jarumi ɗaya, rana ɗaya, mataki ɗaya da ya warware komai, a nan nake rage gudu in koma in duba ranaku. Sau da yawa ranakun kaɗai sun isa su nuna maka cewa an jera abubuwa ne don daɗin ji.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, shi ya sa Muƙaddima ba ta barin teburina. An haifi Ibn Khaldun a Tunis a 1332, annobar da ta ratsa duniya a 1348 zuwa 1349 ta ɗauke iyayensa biyu da malamansa da dama yana matashi. Ya yi aikin fada a dauloli daban-daban, ya sha ɗauri, ya ga yadda ake ƙulla labari a gaban sarakuna. A 1375 ya keɓe kansa a wata ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibn Salama, a ƙasar Aljeriya ta yau, a nan ne a 1377 ya rubuta gabatarwar littafinsa na tarihi, wato Muƙaddima, cikin watanni kusan biyar. Daga baya ya yi alƙalanci a Alƙahira, ya gana da Taimur, sarkin da ya ci ƙasashe da yaƙi, a wajen Dimashƙa a 1401, ya rasu a 1406. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa mai maganar ya ga duniya da idonsa.

A farkon littafin ya jero dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari: son kai ga wata mazhaba ko ra'ayi, yawan amincewa da mai ruwaya, rashin fahimtar manufar abin da aka gani, neman kusanci da masu mulki ta hanyar yabo, da wanda ya fi ba wa muhimmanci, wato jahiltar yadda al'amuran zaman jama'a suke gudana. Shawararsa ita ce kafin ka tsaya tantance mai ruwaya, ka fara tambayar ko abin da aka ruwaito zai iya faruwa ma. Ya ba da misali da abin da masanin tarihi Mas'udi da wasu suka kawo, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Ya ce wace ƙasa ce za ta ciyar da su, wane fili ne zai ɗauke su a sahu har wannan gefe ya san abin da wancan ke ciki? Ya tuna wa mai karatu cewa daular Farisa, da duk girmanta, mutum 120,000 aka ce ta tara a yaƙin Ƙadisiyya. Ya kuma kawo labarin da aka ce Iskandar ya shiga akwatin gilashi aka zura shi ƙarƙashin teku don ya zana dodannin ruwa, ya ce sarki ba ya jefa kansa a irin wannan haɗari, kuma wanda aka rufe a akwati cikin ruwa iska za ta ƙare masa ya halaka. Ba lallai ka yarda da kowane hukuncinsa ba, ni ma akwai wuraren da nake ganin zamaninsa ya ja shi. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar: ka ɗauki adadi ka ajiye shi kusa da wani adadin da ka sani, ka ga ko za su zauna tare. Ya lura cewa mutane sun fi ƙara gishiri idan ana maganar yawan runduna da yawan dukiya, kuma shekaru fiye da 600 bayan haka ban ga abin da ya sauya ba.

Littafin da nake tsakiyarsa yanzu tarihin rayuwar Fritz Haber ne, kuma yana ba ni wahala irin wadda nake so. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa nitirojin ce, shuka tana buƙatarta, amma ba ta iya ɗaukar ta kai tsaye daga iska. A ƙarni na 19 Turai ta dogara da kashin tsuntsaye da ake kwasowa daga tsibiran Peru, da wani gishirin ƙasa da ake haƙa a hamadar da Chile ta ƙwace a yaƙin da ya fara a 1879. A 1898 wani masani ɗan Ingila, William Crookes, ya yi gargaɗi a bainar jama'a cewa idan ba a samo wata hanya ba alkama za ta gaza. A 1909 Haber ya nuna a ɗakin gwajinsa da ke Karlsruhe a Jamus cewa ana iya haɗa nitirojin da haidirojin a samu amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, idan an matsa su da ƙarfi ƙwarai cikin zafi mai tsanani. Carl Bosch na kamfanin BASF shi ya mayar da ƙaramar na'urar ta zama masana'anta, bayan fama da tukwanen ƙarfe da ke tsagewa, yayin da Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje kafin ya samo sinadarin ƙarfe mai araha da ke hanzarta haɗuwar. Masana'antar farko ta fara aiki a Oppau a 1913. Mutanen duniya ba su wuce biliyan 1.6 ba a 1900, a 2022 sun kai biliyan 8, kuma masu ƙiyasi suna cewa tsakanin kashi 40 cikin 100 zuwa rabinsu da wannan taki ake noma abin da suke ci.

Wannan amoniya ɗin kuma da ita ake yin nakiya. Da Ingila ta toshe wa Jamus hanyar teku a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ce ta ba ta damar ci gaba da yaƙi. Haber da kansa ya jagoranci sakin iskar kulorin mai guba a kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a ranar 22 ga Afrilu, 1915. Kwana goma bayan haka matarsa Clara Immerwahr, wadda ita ce mace ta farko da ta samu digirin digirgir a ilimin sinadarai a jami'ar Breslau, ta harbe kanta. An ba shi lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1918. A 1933 mulkin Nazi ya fara korar Yahudawa daga aiki, shi kuwa asalinsa Bayahude ne duk da ya koma Kirista, ya ajiye muƙaminsa ya bar ƙasar da ya yi wa komai, ya rasu a Basel a Janairun 1934.

A tarihin rayuwar mutum, abin da nake sa wa ido shi ne yadda marubuci ke yi idan ya iso wurin da shaida ta yi shiru. Mutuwar Clara irin wannan wuri ce. Babu wata takarda daga hannunta da ta rage mai bayyana dalili. Wasu marubuta sun yanke cewa ta yi hakan ne don nuna adawa da iskar guba, har sukan kawo maka abin da ta faɗa wa mijinta a daren. Masu bincike na baya-bayan nan sun nuna cewa akwai baƙin cikin aure da ya daɗe, da aikinta na kimiyya da ya mutu a ɗakin miji, da rasuwar wasu na kusa da ita. Marubucin da nake karantawa ya jero duka, ya faɗi wa ya ce me da kuma shekarar da ya faɗa, sannan ya bar wurin a buɗe. A nan ya samu amincewata. Idan ka ga marubuci yana gaya maka abin da mutum ya saƙa a zuciyarsa shi kaɗai a ɗaki shekara ɗari da suka wuce, ka juya bayan littafin ka duba ko akwai wasiƙa ko littafin tarihin yau da kullum da ya dogara da shi. In babu, to ƙagaggen labari kake karantawa a wannan shafi, ko da bangon littafin ya ce tarihi ne.

Na penisilin ba zan daɗe a kansa ba. Kowa ya san Alexander Fleming da fumfunar da ta faɗa masa a faranti a 1928. Amma bai iya tace maganin ba, kuma abin ya kwanta kusan shekara goma. Ayarin Howard Florey da Ernst Chain a Oxford ne suka tashe shi. A Mayun 1940 suka sa wa ɓeraye takwas cuta, suka yi wa huɗu magani, huɗun nan suka kwana da rai, sauran suka mutu. A Fabrairun 1941 suka gwada a kan wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi, har suna tace maganin daga fitsarinsa suna sake ba shi, amma ya ƙare musu, mutumin ya rasu. Wanda ya ƙirƙiro hanyar noman fumfunar da tace maganin shi ne Norman Heatley. An raba Nobel ta 1945 tsakanin Fleming da Florey da Chain, domin ba a ba wa fiye da mutum uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littafin ya kyauta da ya ba Heatley babi guda, ko da yake ya matsa wa Fleming fiye da kima, kamar dole sai an ƙasƙantar da wani kafin a ɗaga wani. Wannan ma nau'in ƙullin labari ne, kuma masu gyara tatsuniya sun fi faɗa masa.

Akwai wani rukuni da nake son in ja maka kunne a kansa, domin shi ya fi cika kasuwa: littattafan da ke ɗaukar bincike ɗaya na ilimin halayyar ɗan Adam su gina maka dokar rayuwa a kansa. Wataƙila ka ji ana cewa duk wanda ya yi awa 10,000 yana koyon abu zai zama gwani. Asalin maganar wani bincike ne da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin. Adadin matsakaici ne na awannin da rukunin da ya fi ƙwarewa ya tara zuwa shekara 20, ma'ana wasunsu sun yi ƙasa da haka, wasu sun wuce. Ericsson da kansa ya yi ta cewa ba doka ya kafa ba, kuma irin atisayen da ake yi ya fi yawan awanni muhimmanci. A 2015 kuma wani ayari na masu bincike 270 ya sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallun fannin, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. Yana yi mini ciwo in ga matashi ya tsara rayuwarsa a kan wani gwaji da aka yi da ɗalibai talatin. Idan littafi ya ce maka bincike ya nuna, ka tambaya: bincike nawa, a kan mutum nawa, a wace shekara, an maimaita shi?

Yadda nake karatu a aikace kuwa ba wani sirri ba ne. Kafin babi na farko nakan fara da bayan littafi, in duba manazartarsa. Idan marubucin tarihi ya dogara da wasiƙu da rahotanni da takardun zamanin da yake magana a kai, daban yake da wanda ya tattara littattafan wasu ya sake dafawa. Nakan duba shekarar bugu, domin littafin kimiyya yana tsufa da sauri fiye da na tarihi. Nakan duba wane ne marubucin, amma ba na raina ɗan jarida don ba farfesa ba ne. Na ga 'yan jarida da suka fi malaman jami'a bin diddigi, na kuma ga farfesan da ya fita daga fanninsa ya yi ta zuba. Ina karatu da fensir, ina yin hashiya a gefen shafi, alama ɗaya ga abin da aka kawo wa hujja, wata ga ra'ayin marubuci. Sannan nakan zaɓi magana ɗaya ko biyu a fannin da na sani sosai in bi su har tushe. Zuwa da kai ya fi aike. Idan ya riƙe amana a inda zan iya kama shi, nakan sassauta masa a inda ba zan iya ba. Idan kuma na ga ya kawo hujjar abokan adawarsa da ƙarfinta, yadda su kansu za su ce haka muke nufi, to na samu abokin tafiya.

Game da abin da ka ce na biyu yana rushe na farko, kada ka ɗauke shi hasara. Littafi na biyu a kan batu ɗaya ya fi littafi na farko a kan sabon batu amfani. Inda suka haɗu, galibi nan ne ƙasa mai tauri. Inda suka rabu, ka duba ko a kan abin da ya faru suka rabu ko a kan fassararsa. In a kan abin da ya faru ne, ɗayansu ya yi kuskure, kuma sau da yawa ana iya ganowa. In a kan fassara ne, kana da 'yancin ka saurari duka biyun ka jinkirta hukunci, ko da na shekaru ne. Ni har yau ban gama yanke hukunci a kan Haber ba, ga shi saura babi uku in kai ƙarshen rayuwarsa a karo na biyu.

Shawarata ita ce ka fara da kwalarar Landan, domin labarin gajere ne, ranakunsa a rubuce suke, kuma littafin da Snow ya wallafa a 1855 yana nan kyauta a intanet ga mai jin Turanci. Ka samu littafi ɗaya na zamani ka ajiye shi kusa da na Snow. Idan ka gama ka rubuto mini ko marubucinka ya ambaci Whitehead, da kuma lokacin da ya ce an zana taswirar, kafin cire hannun famfon ko bayansa. Ina son in ji abin da ka tarar.